Tsarin LEDE ko na Hidley: wanne ya dace da ɗaki mai mita 5 da 4?

Ɗan'uwa, ka ce kana da ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 3, kana son mayar da shi ɗakin sarrafa sauti na sutudiyo, inda injiniya zai zauna gaban lasifika yana haɗa kiɗa da murya. Wani ya ce maka LEDE (Live End, Dead End, wato gefe ɗaya na ɗakin yana mayar da sauti, ɗayan yana shanye shi), wani ya ce tsarin Tom Hidley, ka rasa na ɗauka. A ganina ka karkata ga na Hidley, ko da ba za ka iya cika shi duka ba. Abin da ya raba gardamar shi ne tazarar da za ta rage tsakanin ƙeyarka da bangon baya bayan an gama gini.

Ciwon da tsarin biyu ke nema wa magani ɗaya ne. Sautin lasifika yana zuwa kunnenka kai tsaye, sai wanda ya bugi bango ko silin ya biyo bayansa da 'yan milisakan (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Helmut Haas ya nuna a Jamus a 1949 cewa idan jinkirin bai wuce kusan milisakan 30 ba, kunne haɗe su yake yi, ba ya jin su a rabe. A wannan haɗuwar wasu zangunan sauti suna kumbura, wasu suna kashe juna. Sai injiniya ya koma gyaran abin da ɗakin ya ɓata: ya rage bes saboda ɗakin ya cika shi, a kunna waƙar a mota a ji ta rame.

Don Davis da Chips Davis ne suka fito da LEDE a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, suka wallafa bayaninsa a 1980. Rabin ɗakin na gaba, wajen lasifika, ana lulluɓe shi da abin da ke shanye sauti. Rabin baya ana barinsa da rai, amma a jera masa katako mai ramuka, kowane rami da zurfinsa, don ya warwatsa sauti maimakon ya dawo da shi a dunƙule. Lissafin ramukan na Manfred Schroeder ne, masanin Jamus, tun shekarun 1970. Abin da ake nema shi ne sautin kai tsaye ya iso shi kaɗai, a samu ɗan shiru na kamar milisakan 20, sannan na baya ya iso a warwatse kuma a raunane. A cikin ɗan shirun nan ne injiniya ke jin amon ɗakin da aka ɗauki muryar, kafin ɗakin da yake zaune ya sa baki. A 1984 Peter D'Antonio ya kawo gyaran da ake kira RFZ (Reflection Free Zone, wato wurin da sautin da ya bugi bango ba ya dawowa): maimakon a kashe gaban gaba ɗaya, sai a karkatar da bangayen gefe da silin yadda sautin da ya buge su zai kauce wa mai sauraro ya wuce baya. Galibin ɗakunan da ake ce wa LEDE a yau wannan gyaran suke bi.

Tom Hidley, wanda ya gina sutudiyoyi masu yawa da kamfanin Westlake Audio, daga baya kuma Eastlake, ya kifar da lamarin a shekarun 1980, Philip Newell ɗan Ingila ya ci gaba da shi. A nan bangon gaba ne mai tauri da nauyi, lasifika a binne a cikinsa, fuskarsu daidai da fuskar bangon. Daɓen ƙasa ma mai tauri ne. Sauran kuwa, gefe biyu da silin da baya, duk masu shanye sauti ne, zurfinsu kan kai mita ɗaya ko fiye, da manyan alluna a rataye a jere a ciki. Sauti ya fito, ya wuce ka, shi ke nan. An bar gaba da ƙasa da tauri ne saboda mutanen da ke ɗakin: in ka yi magana muryarka ta bugi bangon gaba ta dawo, ba za ka ji kamar an toshe maka kunne ba. Lasifika kuwa tunda a cikin bangon suke, sautinsu nesa da shi yake tafiya.

In aka jera su wajen daɗin zama, LEDE ya fi. Ɗakin yana da rai, ana iya wuni a ciki ba gajiya. Amma inda ake jin gaskiyar sauti ƙaramin wuri ne, kujerar injiniya da ɗan abin da ke kewaye da ita, kuma kowane ɗakin LEDE da irin amonsa, tunda bayansa yana cikin abin da kake ji. Ɗakin Hidley ba shi da kara. Ƙaramin kuskure a miksin zai fito fili, wanda ke zaune a baya yana jin kusan abin da injiniya ke ji, kuma ɗakuna biyu da aka gina a wannan tsari sukan yi kama da juna. Masu sukarsa suna cewa bushewarsa kan sa mutum ya zuba amsa-kuwwa fiye da kima a waƙa, kuma yana buƙatar lasifika masu ƙarfi domin ɗakin ba ya taya su. Zargin biyu suna da gaskiya, amma na farko sabo yana maganinsa.

Yanzu mu auna ɗakinka. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya. In za ka hana ƙara shiga da fita, sai ka gina ɗaki a cikin ɗaki, wanda zai ci kamar santimita 30 a kowane bango. Tsawon ya koma mita 4.4. Kujera ana fara gwada ta a kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗaki daga gaba, wato wajen mita 1.7, saura mita 2.7 a bayanka. Cire santimita 60 na tarkon bes, wato abin shanye kakkauran sauti a bangon baya, wanda ba makawa a kowane tsari, saura mita 2.1. Zuwa da dawowa mita 4.2 ke nan, kusan milisakan 12. LEDE kuwa 20 yake so, wanda ke nufin mita 3.4 a bayan kanka. Ƙa'idar Ƙungiyar Kafofin Yaɗa Labarai ta Turai, takardarsu mai lamba 3276, ta ce duk sautin da ya dawo cikin milisakan 15 na farko ya kasance ƙasa da na kai tsaye da aƙalla disibel 10 (disibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Naka zai faɗo cikin wannan tazarar. Ga shi kuma katakon warwatsawa yana son a ba shi kamar mita 3 kafin sautin ya baje sosai. In ka zauna kusa da shi, ramukan za ka riƙa ji ɗaya-ɗaya, murya ta yi wani amo kamar ta cikin bututu. Na sha ganin hotunan ƙananan ɗakuna da irin wannan katako dab da kujera. Kyau a ido dai yana da shi.

Bes ne zai fi ba ka wahala, kuma nan ne tsarin Hidley ya yi wa ɗayan nisa. Kowane ɗaki yana da zangunan da yake kumburawa gwargwadon girmansa: ka raba 343 da ninki biyu na tazarar bango zuwa bango. Mita 5 ya ba da haz 34.3 (haz shi ne yawan kaɗawar sauti a sakan ɗaya), mita 4 ya ba da 42.9, mita 3 ya ba da 57.2, kowanne kuma da ninke-ninkensa. Duba abin da ya faru da naka: 34.3 sau biyar, 42.9 sau huɗu, 57.2 sau uku, duka sun haɗu a wajen haz 171. Uku a wuri ɗaya, a daidai inda kaurin muryar namiji yake. Sa'ar da ka yi ita ce bangon ciki zai canza lissafin. In ya zama 4.4 da 3.4 da 2.7, za ka samu haz 39 da 50 da 64, sun rarrabu. Don haka ka zaɓi awon ciki da gangan, kada ka bar wa magini.

Shanye kakkauran sauti sai da zurfi. Audugar dutse ko ta gilashi ta fi aiki a rubu'in tsawon zango daga bango. Zangon haz 100 mita 3.43 ne, rubu'insa santimita 86. Soso mai kaurin santimita 5 ƙarfinsa yana wajen haz 1,700 zuwa sama. A haz 100 kamar babu shi. Shi ya sa ɗakin da aka manne da soso ko kwalin ƙwai ya fi wanda ba a taɓa ba muni: siririn sauti ya mutu, bes yana nan yana guɗa. Ba lallai sai ka kai 86 ba, santimita 40 zuwa 60 na auduga marar matsi yana aiki ƙwarai, musamman a kusurwoyi, inda bes ke taruwa.

Cikakken Hidley dai ba zai shiga ɗakinka ba. Mita ɗaya a kowane gefe zai bar maka lungu mai faɗin mita 1.4. Abin da zan yi da nawa ne shi ne in ɗauki ƙashin bayan tsarin in rage kibarsa. Bangon baya duka auduga mai zurfin santimita 60, daga ƙasa har sama. Silin santimita 30 zuwa 40. Gefe biyu santimita 15 zuwa 20, musamman inda sauti ke fara bugawa. Ka zauna a kujera, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango, duk inda ka hango lasifika a ciki nan ne wurin. Daɓe mai tauri. In ɗakin ya bushe da yawa, ka buga siraran katakai a kan yadin da ya rufe audugar, da tazara a tsakaninsu, a wuraren da madubi bai nuna ba. Lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu a ɗaki mai wannan girma kusan sakan 0.2 ake so, ka ga, dama ƙa'idar ba ta ba ka wani filin raya ɗaki ba.

Binne lasifika yana da riba ta gaske. Lasifikar da fuskarta ke santimita 86 daga bangon gaba tana haƙa rami a haz 100, domin abin da ya koma baya ya dawo yana kashe na gaba. Binnewa tana kawar da wannan. Sai dai bangon dole ya yi nauyi kada ya riƙa rawa, bes zai ƙaru da har disibel 6 sai an daidaita, kuma lasifika mai ramin iska ko amfilifaya a bayanta ba ta dace ba sai an yi mata hanyar shan iska. In ba za ka iya ba, ka matsa da su dab da bango. Ko ta yaya, kai da lasifika biyu ku zama kusurwa uku daidai wa daida, dama da hagu na ɗakin kuma su zama iri ɗaya.

Abu ɗaya da tsarin biyu ba sa yi: ba sa hana ƙarar waje shigowa. Wannan aikin nauyi ne da tazarar iska. Ninka nauyin bango ba ya ƙara fiye da kusan disibel 6, shi ya sa bango biyu da ba su taɓa juna suka fi ɗaya mai kauri. Ƙusa ɗaya da ta haɗa su, ko kafa a ƙasan ƙofa, ta isa ta zubar da aikin. Kuma ɗakin da aka toshe haka ba ya numfashi, sai ka tsara bututun shigar iska da na fita, masu faɗi, masu lanƙwasa, da auduga a ciki, tun kafin a ɗora bulo na farko. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango iskar ciki kawai take juyawa.

Kafin ka rufe audugar da yadi, ka sa makirufon awo a inda kanka zai kasance, ka auna da manhajar REW, kyauta ce. Ka matsa kujera gaba da baya santimita 10 zuwa 20 kana sake awo. Ka turo mana hoton abin da ya fito daga haz 30 zuwa 300, mu ga ko bangon baya yana buƙatar ƙari.