OVA ya ƙi shiga: tsakanin VMware da VirtualBox wa ya fi ba da wahala?

Malam, ka ce an ba ka fayil ɗin OVA na Ubuntu da aka fitar daga VirtualBox, ka kai shi VMware ya ƙi karɓa (duka biyun manhajoji ne na kunna injin kwaikwayo, wato kwamfuta a cikin kwamfuta), kana tambaya ko ka sake sauke shi ne ko ka haƙura ka koma VirtualBox. Kar ka ƙone datarka tukuna, sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, takardar da ke rakiyarsa ce matsalar.

Shi OVA ba komai ba ne illa ƙunshin tar, wato fayiloli da aka ɗaure wuri ɗaya kamar zip, ko da 7-Zip za ka iya buɗe shi, za ka ga .vmdk wato faifan kansa, da .ovf mai bayanin irin injin (RAM nawa, wane katin netwok, wace kwantirolar faifai), sai ɗan ƙaramin .mf mai lambobin SHA na tantance cewa fayilolin ba su canza ba. To kowane kamfani da yadda yake rubuta .ovf ɗinsa, duk da dai ƙa'ida ɗaya ta DMTF, ƙungiyar da ta tsara OVF, suke cewa suna bi.

Bambancin da na gani shi ne VMware a bakin ƙofa yake tare ka, VirtualBox kuma sai ya bar ka ka shiga ka zauna sannan matsalar ta fito.

A VMware Workstation saƙon da yake bayarwa shi ne fayil ɗin bai cika ƙa'idar OVF ba, kuma akwai maɓallin Retry a wurin, mutane da yawa tsoro ke sa su danna Cancel alhali Retry ɗin sassauta binciken yake yi kuma galibi ya wuce. Idan kuwa ESXi ne, wato VMware na saba, to shi ba ya wasa, zai ce maka Unsupported hardware family virtualbox-2.2 ya tsaya nan. Sai ka warware ƙunshin, ka buɗe .ovf da Notepad, ka nemo layin VirtualSystemType ka mai da virtualbox-2.2 ya koma vmx-13, wato lambar tsarin injin VMware, ko wanda sabarka ta sani, sannan ka goge .mf ɗin, don tunda ka taɓa ko harafi ɗaya lambar SHA ba za ta ƙara dacewa ba, zai ce fayil ya lalace. Ba sai ka sake ƙunshewa ba, ka ba shi .ovf da .vmdk kai tsaye. In kuma kana da hanyar wanda ya fitar, ka roƙe shi ya zaɓi OVF 1.0 lokacin fitarwa ba 2.0 ba, wannan kaɗai yana rage rigima sosai.

VirtualBox kuwa yakan haɗiye OVA na VMware ba gardama, har ka ji daɗi, sai ka kunna ya ce bai ga abin da zai tashi da shi ba. Abu na farko ka duba Enable EFI a ƙarƙashin System, don in da UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta, aka girka injin kai kuma ka tashe shi da tsohon BIOS ba inda za shi. In Windows ce ta ba ka shuɗin allo da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE to kwantirolar faifai ce ta canza, ka mayar da ita irin wadda take kai a da, in LSI SAS ce ka ba ta LSI SAS.

Wanda ya fi cin rai kuma ta kowane ɓangare yana faruwa shi ne netwok. Na taɓa kai wa har ƙarfe biyun dare kan wata sabar Ubuntu da ta tashi lafiya amma ba IP, ina ta canza saitin netwok tsakanin NAT da Bridged, ashe sunan katin ne kawai, a VirtualBox enp0s3 ne a VMware ya koma ens33, shi kuma netplan, mai saita netwok a Ubuntu, yana nan yana neman tsohon suna. Ka buga ip a ka ga sabon sunan, ka gyara fayil ɗin da ke /etc/netplan, sai sudo netplan apply. Kuma ka cire Guest Additions, kayan taimako na VirtualBox da ke cikin injin, ka sa open-vm-tools na VMware tunda ka canza gida.

Lokacin da sake saukewa ya zama dole shi ne in ba ka taɓa komai ba amma aka ce SHA bai dace ba, ko 7-Zip ya kasa buɗe ƙunshin, wannan saukewar ce ta yanke a hanya, ka gwada girman fayil ɗinka da na wanda ya turo maka.

Ni a naka zan zauna a VMware ɗin, tun Nuwamba 2024 Workstation Pro kyauta ne ga kowa, kuma na fi son wanda zai gaya min laifin tun daga ƙofa. In duk ya ƙi, ƙirƙiri sabon inji babu faifai ka jona masa .vmdk ɗin da hannunka. Fara danna Retry dai ka turo mana hoton abin da ya ce.