Garin ƙuli-ƙuli na leda: yana gina jiki, amma a duba gyaɗar da aka yi shi da ita

Garin ƙuli-ƙulin da ake sayarwa a leda ko a roba asalinsa tunkuza ce, wato abin da ya saura bayan an matse mai daga gyaɗa, aka soya, aka daka, aka tankaɗe. Wajen gina jiki ba abin rainawa ba ne. Kusan kashi 25 cikin 100 na gyaɗa furotin ne, idan kuwa mai ya fita sai ya haura kashi 40. A kwaɗon zogale ko na rama, a yajin tsire, ko a kunun yara, yana toshe gurbi babba a gidan da nama ya yi wa tsada. Furotin ɗinsa dai bai cika ba, don haka ya fi amfani idan aka haɗa shi da waken suya, madara ko garin kifi.

Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: gubar afalatoksin, wadda wata irin funfuna ke haifarwa a gyaɗar da fari ya kama a gona, ko ƙwari suka huda, ko aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba. Ta hanyar tunkuza ma duniya ta fara sanin wannan guba. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A jikin mutum hanta take ci a hankali har ta kai ga ciwon daji, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne, idan an matse gyaɗa, yawancin gubar ba ta bin mai, a tunkuza take zama. Gyaɗar ta rage nauyi, gubar tana nan, ke nan ta ƙara kauri a kowane cokali. Suya kuma ba ta kashe ta gaba ɗaya, domin zafin man da ake soya ƙuli-ƙuli bai kai ya wargaza ta duka ba. Gubar ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Tarayyar Turai ba ta yarda ta wuce maikirogiram 4 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kilo ɗaya na gyaɗar da za a ci kai tsaye ba, Amurka kuma ta tsaya a 20. Tsirarun ƙwayoyi marasa kyau sun isa su ɓata kwano guda.

Saboda haka ingancin garin yana hannun mai tsince gyaɗar. Mai sana'ar kirki tana sayen busasshiya wadda ke ƙara idan an girgiza, ta fitar da motsattsu, fasassu, masu huda da waɗanda suka canja launi. Bayan ta soya sama-sama ta murje ɓawon, sai ta sake tsincewa, don a lokacin ne baƙi ko ɗorawar cikin ƙwaya ke fitowa fili. Abin takaici, gyaɗar da aka ƙi saye a kasuwa ita ce ta fi sauƙin ƙarewa a injin niƙa, tunda idan ta zama gari ba mai ganin aibinta. Idan manomin ya watsa Aflasafe, maganin gona mai hana funfunar da ke haifar da gubar yaɗuwa, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, kilo 10 a hekta kafin gyaɗa ta yi fure, wannan ƙarin kariya ne sosai.

Garin ya cancanci saye daga hannun wanda zai iya faɗa maka inda gyaɗarsa ta fito da yadda ya tsince ta. A na leda a duba lambar NAFDAC da ranar da aka yi shi. Wanda ya dunƙule, ko yake warin tsohon mai, ko yake maƙaƙi a maƙogwaro, a bar shi. Tunkuzar manyan injinan matsar mai da ake sayarwa buhu-buhu don kaji da shanu ba ta shiga tukunya ko da ta fi araha, domin ba a tsince gyaɗarta don cin mutum ba. A sayi na mako biyu zuwa uku kawai, a juye a kwalba mai murfi, nesa da danshi, musamman da damina.