Sharhi kan littafin Murphy ga mai shirin JAMB da WAEC

Duk malamin da ya taɓa duba takardun ɗaliban da ke shirin JAMB ya san cewa abin da ke kayar da su a Turanci, sau da yawa, jimla ce mai sauƙi wadda kunne ya saba jin ta a karkace har ta zama kamar daidai. Yaron da ya tashi yana jin ana cewa "we discussed about it" ko "one of my friend" ba zai ga aibinsu a takardar jarrabawa ba, sai an nuna masa dalili. Wannan aikin ne English Grammar in Use na Raymond Murphy ya ƙware a kai, kuma shi ya sa nake ganin ya cancanci kuɗinsa.

Maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ce ta fara buga shi a 1985, bugu na biyar ya fito a 2019 da darussa 145. Tsarinsa bai canza ba: bayani a shafin hagu, aikin gwaji a shafin dama. Abin da ya fi burge ni shi ne atisayen da ake ja wa kalma layi a ce ɗalibi ya duba ko daidai take, in ba daidai ba ya gyara, domin a cikinsu akan saka jimlolin da ba su da kuskure ko kaɗan, wanda hakan ke horar da mai karatu ya daina gyaran abin da lafiyarsa ƙalau. Darussan sunayen da ba sa ɗaukar jam'i suna maganin "informations" da "furnitures", haka nan bayanin aikatau irin su "know" da "want" yana nuna abin da ya sa "I am knowing him" ba ta zauna ba. Turancin Birtaniya littafin ya bi, kuma shi ne makarantunmu suka gada.

Sai dai ba don jarrabawarmu aka rubuta shi ba. Takardar Turanci ta JAMB tambayoyi 60 ce a kwamfuta, kowace da zaɓi huɗu, kuma ta haɗa da fahimtar nassi da lafazi, waɗanda littafin bai taɓo su ba. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai san ƙa'ida amma ya rasa saurin hannu, don haka dole a haɗa shi da tambayoyin shekarun baya.

A wajen saye a lura da abu biyu. Akwai bugu mai amsoshi a baya da wanda babu, kuma mai karatu shi kaɗai a gida ba shi da abin yi da na biyun. Sannan jabunsa ya yi yawa a kasuwa, mai dusasshen rubutu da shafukan da ke zubewa, saboda haka a buɗe a duba kafin a biya. Ɗalibin da tushensa bai yi ƙarfi ba gara ya fara da littafin marubucin mai jan bango, Essential Grammar in Use, kafin ya hau wannan mai shuɗin bango.