Safar taya a dusar ƙanƙara: tana fitar da mota, amma kwalta ce ajalinta

Wanda bai taɓa ganinta ba, idan aka zaro ta daga jaka zai ɗauka rigar kujerar mota ce. Yadi ne mai kauri, saƙar zaren roba, bakinsa da ɗamara mai miƙewa, ana zura wa taya shi kamar yadda ake zura wa ƙafa safa. Hunturu biyu ke nan ina aiki da guda biyu a ƙaramar mota mai jan gaba, taya 205/55 R16, a hanyoyin tsaunukan gabashin Faransa. A ganina ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin mai ita ya san kayan fita kunya ce ta 'yan kilomitoci, ba madadin tayar hunturu ba.

Dabarar ta fito ne daga Norway a ƙarshen shekarun 1990, inda kamfanin AutoSock ya fara fitar da ita, daga baya wasu suka biyo, irin su ISSE na Sifen da Michelin na Faransa. Idan taya ta danne ƙanƙara, wani siririn ruwa yakan kwanta tsakanin robar da ƙasa, kuma shi ne tushen santsin. Zaren yadin yana tsotse ruwan, gashinsa kuma yana kama busasshiyar dusa ya riƙe. Duk direban da ya taɓa cusa buhu ƙarƙashin tayar da ta kafe a yashi ya san hikimar, sai dai wannan buhun yana juyawa tare da tayar.

Wajen saye ake fara yin kuskure. Lambar da ke jikin taya ita ce komai: 205 faɗin taya ne da milimita, 55 tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, 16 kuma girman rim ne da inci. Kowace safa tana da jerin lambobin da take shiga, an buga a bayan jaka. A karanta lambar daga jikin tayar da ke kan motar, ba daga takarda ba, domin motar hannu sau da yawa an canja mata taya. Safar da ta yi girma takan zame ta naɗe a ƙarfen ƙafar mota, inda tiyon birki yake. Wadda ta yi ƙanƙanta kuwa, ko hannu zai tsage ba za ta shiga ba.

Ana sa ta a tayoyin da injin ke juyawa. Mota mai jan gaba, irin Golf da Corolla, a gaba. Mai jan baya, kamar yawancin tsofaffin Mercedes da BMW, a baya. Mai jan ƙafa huɗu sai a duba littafin motar, kuma huɗu sun fi biyu.

A tsaya a fili mai lebur, nesa da kwana, a ja birkin hannu, a kunna fitilar haɗari, a kashe injin. A share dusar da ta taru a ramin taya. Sai a kama bakin safar a rataya shi a saman tayar, a tura hannu ciki har ɗamarar ta faɗa bayan tayar, sannan a ja yadin ƙasa ta dama da hagu iya inda zai kai. Zai rufe fiye da rabi, saura wurin da tayar ke taka ƙasa. A yi wa ɗaya tayar haka, a shiga mota a matsa kamar mita ɗaya. Kewayen tayar 205/55 R16 ya kusa mita 2, don haka mita ɗaya yana kawo ƙasanta sama. A fito a ƙarasa zura ragowar. Ko ta ɗan karkace, bayan 'yan mitoci za ta daidaita kanta. Babu ƙugiya, babu jak, babu tsayawa a sake ɗaurewa kamar sarƙar ƙarfe da ake naɗa wa taya a dusar ƙanƙara. Wanda hannunsa ya saba zai gama duka biyun cikin minti biyar.

Wanda bai saba ba kuwa, a sanyin da ya sauka ƙasa da sifili, yatsu sun ƙage, ɗamarar ta yi tauri, sai ya ga abin ya zama kokawa. Wurin da ya fi ba da wuya shi ne tura ɗamarar bayan taya a motar da ramin tayarta ke da matsi. A gaba akwai dabara: a karya sitiyari har ƙarshe, bayan tayar zai fito fili. A baya babu wannan sauƙin, sai haƙuri da durƙuso. Safar hannun leda da ake haɗo wa da ita ba ta hana sanyi, ƙazanta kawai take karewa. A ajiye safar hannu ta aiki mai dogon wuya, da tocila, da kwali na durƙusawa. A kuma gwada sawa sau ɗaya a ƙofar gida da rana tun sanyi bai shigo ba. Da tsakar dare a gefen tsauni ba lokacin karanta takardar bayani ba ne.

A kan dusar da motoci suka daddanne, aikinta abin mamaki ne. Tudun da tayar bazara ke ta wulwulawa a gindinsa ba ta gusa ba, da safa sai mota ta ɗauka a natse. Babu kwaramniya, babu girgizar sitiyari irin ta sarƙa, rim ba ya karcewa, kuma na'urorin ABS da ESP, masu hana birki kulle taya da hana mota zamewa, suna aikinsu yadda suka saba. Motocin da littafinsu ya hana sa sarƙa saboda ƙarancin fili tsakanin taya da shokozoba, galibi safa ce mafitarsu, tunda kaurinta 'yan milimitoci ne.

Amma tana da iyaka, kuma iyakar a kusa take. Gudu kada ya wuce kilomita 50 a awa, ni ma na fi son 30 zuwa 40. A tashi a hankali, da giya ta biyu in motar mai kuloci ce. Da zarar an take totur taya ta yi wulwul, yadin yana gogar ƙasa ya yi zafi, zaren ya tsinke. A dusa mai zurfi da ta kai cikin mota, ko ƙanƙara mai sheƙi kamar gilashi a tudu mai tsayi, sarƙa ta fi ta nesa ba kusa ba, domin ƙarfe yana cizon ƙanƙara, yadi kuwa manne mata kawai yake yi. A dusar da ta narke ta zama caɓi, yadin yana ƙoshi da ruwa, riƙonsa ya ragu.

Haɗarin da ba a cika faɗa wa mai saye ba yana gangara. Gaba na da safa, baya na da tayar bazara tsirara. Gaban ya kama ƙasa, direba ya ji daɗi ya saki jiki, sai a kwana ko a taka birki bayan motar ya zame ya nemi wuce gaban. A mota mai jan baya kuma akasin haka ne: tana hawa tudu lafiya, amma a karya sitiyari ta ci gaba da miƙewa. Maganinsa a sauka da ƙaramar giya, a rage gudu tun kafin kwana, a ninka tazarar da ke tsakani da motar gaba.

Sai kwalta. Hanyoyin Turai ana share su ana watsa musu gishiri, don haka tafiya takan zama nan dusa, can baƙar kwalta, can kuma dusa. Kwalta tana cin yadin kamar fayil. Tsallake ɗan guntun wuri ba komai, amma doguwar tafiya a busasshen titi za ta bar shi da huji da zare yana reto. Ramin da ke ratsa dutse ma haka, cikinsa babu dusa. Ga kasala: an sha wuya an sa, jiki ba ya son a tsaya a cire. Wannan kasalar ita ta fi kashe safa. Cirewa ba ta kai minti biyu ba: a kama madaurin da ke gicciye a fuskar rim a ja daga sama, ta faɗi ƙasa, a matsa da mota kaɗan a ɗauke. Kada kuma a kwana da ita a taya. Jiƙaƙƙen yadi yana daskarewa ya manne da taya da ƙasa, da safe a tashi mota ya yage.

Ta fuskar doka, kowace ƙasa da nata. A Faransa, tun 1 ga Nuwamba 2021, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris na kowace shekara, motar da ke shiga yankunan tsaunukan da aka ayyana dole ta kasance da tayoyin hunturu huɗu, ko sarƙa ko safa ta aƙalla tayoyi biyu masu ja a cikin but. A nan safa ta cika sharaɗi. A Jamus kuwa doka tayar hunturu take nema duk lokacin da titi ke da dusa ko ƙanƙara, mai alamar tsauni da ƙwayar dusa a jiki, kuma safa ba ta ɗauke wa mutum wannan. Jihar Colorado ta Amurka tana karɓar nau'in da ta amince da shi a madadin sarƙa a babbar hanyar I-70. A Turai a duba jaka a tabbatar akwai lambar EN 16662-1, ma'aunin da aka fitar a 2020. Masu arha marasa wannan lambar, ɗinkinsu ne yake fara sakewa.

Wanda ke zaune a London ko Paris ko Brussels, inda dusa ke sauka kwana kaɗan a shekara, ko mai zuwa tsauni hutu sau ɗaya, ya saya ya jefa a but, ba ta da nauyi, ba ta cin wuri. Mai zama a Kanada ko Sweden, ko mai aikin kai kaya kullum a cikin sanyi, ya sa tayoyin hunturu huɗu tukuna, safa ta zama ta ko-ta-kwana.

Bayan kowane aiki a kakkaɓe tsakuwa, a ɗauraye gishirin da ruwa, a shanya ta bushe sarai kafin a mayar jaka, in ba haka ba za ta yi fumfuna ta cika mota da wari. A ɗaga ta a haske a duba fuskar da ke taka ƙasa. Ƙananan huji ba sa hana ta aiki, amma idan rabin yadin ya cinye, ko ɗamarar ta saki, a canja duka biyun tare.