Layinsu ba shi da laifi, amma kada ka yarda su sa ka danna Reset

Masu tambaya ko a jona faibar kamfanin gwamnati, ga abin da zan ce muku: layin kansa lafiyayye ne in yana aiki, sashen karɓar ƙorafi kuwa sai mai haƙuri. Tauraro biyu na ba su, kuma ɗaya daga ciki na ma'aikacin da ya zo gyara ne, ba na kamfanin ba.

Matsalar da ta haɗa ni da su ƙarama ce. Sabis yakan ɗauke na minti ɗaya ko biyu, ya dawo, can an jima ya sake ɗaukewa. Duk lokacin da ya ɗauke, fitilar LOS da ke jikin akwatin faiba sai ta yi ja tana ƙyaftawa, ta PON kuma, mai nuna akwatin ya haɗu da tashar kamfani, ta mutu. Wanda ya san aikin ya san wannan ba ta da wata fassara biyu: hasken da ke tahowa ta cikin faiba daga tasharsu ba ya isowa akwatin yadda ya kamata. Ba ruwan Wi-Fi, ba ruwan kalmar sirri, ba ruwan wayar hannunka ko kwamfutarka. Kuma ba sai an yi duba ba, akwatin da kansa yana faɗa. Ka buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke kan takardar da aka liƙa a gindinsa, yawanci 192.168.1.1 ko 192.168.100.1, ka shiga shafin bayanin haske, za ka ga wurin da aka rubuta Rx, wato ƙarfin hasken da akwatin ke karɓa. Nawa yana yawo tsakanin -27 da -28 dBm. Yawancin akwatunan GPON, wato irin wannan tsarin faibar gida, an ƙera su su yi aiki tsakanin -8 da -27, kuma gwargwadon girman lambar da ke bayan alamar ragi, gwargwadon raunin hasken. Wato layin yana bakin gaɓa, abu kaɗan ya taɓa wayar sai ya faɗi.

Da na kira sashen ƙorafi, duk wannan na karanta wa wadda ta ɗauki waya, lamba bayan lamba. Ta saurara cikin ladabi, ban ɗauke mata wannan ba, sannan ta ce ranka ya daɗe a kashe akwatin a kunna. Aka kashe aka kunna. Sai ta ce a nemo tsinke a danna ɗan ramin da aka rubuta Reset a kansa, a riƙe har fitilu su mutu. Na ce mata Reset ba ya ƙara haske a cikin faiba, kuma zai goge saitin layin. Ta ce tsarinsu ba ya barin a buɗe ƙorafi sai an bi matakan duka, kuma saitin zai dawo da kansa daga tasharsu.

Bai dawo ba. Garin neman gira aka rasa ido: da can sabis na ɗaukewa jefi-jefi, yanzu babu shi gaba ɗaya.

Abin da madannin nan yake yi shi ne mayar da akwati yadda ya fito daga masana'anta. Sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa su koma na jikin takarda, wannan mai sauƙi ne. Wanda ke da ciwo shi ne saitin haɗuwa da kamfani: sunan shiga na PPPoE (hanyar da akwati ke gabatar da kansa ga kamfani don a buɗe masa intanet), kalmar sirrinsa, da lambar VLAN, wato lambar hanyar da layinka ke bi a cikin tsarinsu. A wasu kamfanoni tashar tana sake turo waɗannan da kanta ta tsarin TR-069, ka jira 'yan mintoci komai ya dawo. A nan ko dai ba su kunna tsarin ba ko akwatin ba ya cikinsa. Kuma ba za ka iya mayar da saitin da hannunka ba, domin ranar jona layi ma'aikacinsu ne ke shigar da bayanan ya kama gabansa, ba ya bar maka ko a takarda. Asusun da ke jikin akwatin ma na talaka ne, sunan Wi-Fi kawai yake bari ka canza. Shafin WAN, inda saitin haɗuwa da kamfani yake, sai da asusun admin, shi kuwa sun riƙe abinsu.

Aka ba ni lambar ƙorafi. Kafin kowa ya leƙo, sai ga saƙo a waya wai an warware matsalata, ana godiya da haƙurina. A nan ne raina ya ɓaci sosai. Na gane yadda hakan ke faruwa, kuma ganewar ba ta rage min haushi ba. Mai duba allo a ofis yana ganin akwatin ya yi rajista da tasha, fitilar PON kore shar, sai ya rubuta layi lafiya ya rufe. Amma rajistar haske daban, shiga intanet daban. Akwati na iya gaisawa da tasha lafiya lau alhali PPPoE bai haɗu ba, ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba. Da ya ƙara dannawa ɗaya ya duba ko asusun yana da haɗi a buɗe, da ya ga babu. In haka ta same ka, kada ka yarda a buɗe maka sabon ƙorafi, ka dage a sake buɗe tsohuwar lambar. Sabuwar lamba tana mayar da kai ƙarshen layi, kuma lissafin kwanakin da ka yi babu sabis ya fara daga sifiri.

Ma'aikacin da ya zo daga baya, tsakani da Allah, ya san aikinsa, har ya sa na ji kunyar irin faɗan da na shirya masa. Bai taɓa akwatin ba ma da farko. Mitar auna haske ya ɗauko, ya sa ta a kan 1490 nm, wanda shi ne hasken da ke saukowa daga tasha, ya fara daga akwatin rarraba layi da ke kan falwaya. Wajen -19 ya samu. Ya shigo ya auna a ɗan akwatin bango inda faibar waje ta ƙare, kusan -20. Ya auna a ƙarshen gajeriyar wayar rawaya da ke shiga akwatin intanet, -28. A cikin waya da ba ta kai mita biyu ba haske ya zube da dB 8. Kowace dB 3 rabin haske ne, ka ga ke nan abin da ke isowa bai wuce kashi ɗaya cikin shida na wanda ya shigo gidan ba.

Abu biyu ya samu. Na farko, kan wayar da aka soka a akwatin bango shuɗi ne, mahaɗin da aka soka shi ciki kuma kore. Mutane da yawa suna ɗauka launin ado ne tunda dukansu suna shiga rami ɗaya su yi ƙas. Koren, SC/APC, an goge bakinsa a karkace da digiri 8, shuɗin kuma, SC/UPC, bakinsa a miƙe yake. In aka haɗa su fuskokin gilashin ba sa manne wa juna, sai a bar 'yar tazara a tsakani, haske ya watse a nan, wani lokaci ma su ƙarje juna. Na biyu, an naɗe ragowar wayar an ɗaure ta tamau da igiyar roba a bayan akwati. Ya jona jar fitilar gwaji a bakin wayar, sai ga ja yana tsatsowa ta daidai wurin da aka lanƙwasa. Faiba ba ta son lanƙwasa mai tsanani. In za a naɗe ta, da'irar kada faɗinta ya gaza santimita 6, kuma a sakar mata ɗauri. Ya sauya wayar da mai kore a kai biyun, ya goge bakunan da alkalamin goge faiba, ya sake aunawa, -20 da ɗoriya kaɗan. Tun daga nan LOS ba ta sake yin ja ba. Ya kuma ja kunne a kan abin da ya kamata kowa ya sani: kada a leƙa bakin faiba da ido don a ga ko akwai haske. Hasken 1310 da 1490 nm ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi masa lahani.

Daga nan ya kira ofis, aka karanto masa bayanan PPPoE da lambar VLAN, ya shigar, fitilar intanet ta kama. Na roƙe shi ya rubuta min su, ya ba ni sunan shiga da kalmar sirrinsa, na admin kuwa ya ce, Malam ka yi haƙuri, an hana mu. Ban ga laifinsa ba. Da a ranar na rubuta wannan sharhin, wataƙila tauraro huɗu zan ba su.

Sai dai da na zauna na yi tunani, wa ya soka shuɗi a cikin kore tun farko? Ma'aikacinsu ne mai jona layi. Da ya auna haske kafin ya tafi, wanda aikin minti ɗaya ne, da ya ga -27 ya san bai gama ba. Kuma lambar Rx ɗin nan da na yi ta karantawa a waya, tasharsu tana iya ganinta daga ofis ba tare da kowa ya taka ƙafa ba. Me ya hana a sa ta a allon masu amsa waya? Kwanakin da layin ya yi a mace kuma, wanda su suka kashe shi da bakinsu, ba a mayar min da ko ɗaya ba. Da na tambaya sai aka ce in rubuta wasiƙa a takarda in kai ofis da kaina, a buga mata hatimi, a jira amsa. Kamfanin intanet fa.

Kuma gyaran bai ƙare a nan ba. Bayan an mayar da saiti, wasu shafuka suna buɗewa nan take, wasu su tsaya suna juyi, tura fayil mai ɗan nauyi kuma ya maƙale a hanya. Masu amsa waya suka ce wataƙila kwamfutata ce ta kamu da bairos. MTU ne, wato iyakar girman fakitin bayanai da layi ke iya ɗauka a lokaci ɗaya. PPPoE yana cin bayit 8 daga cikin 1500 na Ethernet, don haka 1492 ya kamata a sa, saitin da aka shigar kuwa an bar shi a 1500. Gwajin ba wuya a Windows: ka buɗe Command Prompt ka rubuta ping -f -l 1472 8.8.8.8, in ya ce sai an farfasa fakitin ko ya ƙi amsawa, ka gwada 1464. In wannan ya wuce, ka tara masa bayit 28 na kan fakitin, ka samu 1492 ɗinka. Gyaran lamba ɗaya ce a shafin WAN, shafin da ba su ba ka ikon shiga ba. Mai nasa rauta a bayan akwatin zai iya rage MTU a can ya huta. Wanda ba shi da ita sai ya sake kira, ya yi ta fama har a haɗa shi da sashen injiniyoyi, don na gaban tebur ba su san kalmar ba.

DNS ɗinsu ma, mai fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, yakan yi nauyi. In ping zuwa 8.8.8.8 yana amsawa amma sunayen shafuka ba sa buɗewa, ka canza zuwa 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 a na'urarka, ba sai ka kira kowa ba. Raguwar gudu da daddare kuwa ban sa ta cikin laifinsu sosai ba, haka GPON yake: kusan gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na turawa ne ake raba wa gidaje 32 ko 64 da ke kan reshe ɗaya. In za ka auna gudu don ka yi ƙorafi, ka auna da kebul a jone, in ba haka ba Wi-Fi za su ɗora wa laifin su kashe waya.

Masu kyamarar tsaro da ke son kallon gida daga nesa su duba adireshin WAN tun kafin su biya kuɗin wata na biyu. In ya fara da 100.64 har zuwa 100.127, adireshin haɗaka ne kuke rabawa da wasu, buɗe ƙofar shiga (port forwarding) a rauta ba zai yi aiki ba komai ƙwarewarka. Na tambayi yadda ake samun adireshi na kai, aka ce shi ma sai da wasiƙa.