Tsofaffin Takardu ko Gwajin DNA: Wanne Zai Kai Baƙar Fatar Amurka ga Asalinsa?

Hajiya, kin yi tambaya a kan surukinki, mijin 'yarki, wanda baƙar fata ne haifaffen Amurka. Kin ce ya aika yawunsa ga wani kamfani an yi masa gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, sakamako ya nuna kaso mafi girma na jininsa daga Najeriya yake, kuma yanzu yana son sanin ko ya ƙara kuɗi a kan irin wannan gwaji ko ya koma binciken tsofaffin takardu, domin ya gano ko kakanninsa Hausawa ne. A ganina ya fara da takardu, gwajin kuma ya zama ɗan rakiya, domin hanyoyin biyu tambayoyi daban suke amsawa: takarda tana ba da suna da shekara da gari, gwaji kuwa yana ba da yanki da dangi masu rai.

Ginshiƙin binciken takardu a Amurka shi ne ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara goma tun daga 1790. Doka ta hana buɗe sunayen da ke ciki sai bayan shekara 72, saboda haka ta 1950 ce ta ƙarshe da aka buɗe, a shekarar 2022, kuma ana iya duba ta kyauta a shafin FamilySearch ko na ma'adanar tarihi ta ƙasa. Mai bincike yakan fara daga nan ne yana komawa baya, yana bin gida ɗaya daga ƙidaya zuwa ƙidaya, sai dai zai tarar da giɓi a 1890, domin gobarar da ta tashi a birnin Washinton a 1921 ta lalata kusan dukkan takardun wannan shekara. Ga farar fata, wannan hanya takan wuce har zamanin mulkin Ingila ta hanyar rajistar coci da takardun filaye. Ga zuriyar bayi kuwa, takan tsaya cak a 1870, wadda ita ce ƙidaya ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu bayan soke bauta a 1865. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an yi wa bayi jadawali na daban, inda aka rubuta sunan ubangida, sannan a ƙarƙashinsa aka jera shekaru da jinsi da launin fata, ba tare da suna ba. Kusan mutum miliyan huɗu aka ƙidaya ta wannan hanya a 1860, kuma duk lokacin da na duba irin wannan shafi, inda aka rubuta mace mai shekara 30 da yarinya mai shekara 4 a jere ba a faɗi ko 'yarta ce ba, raina yakan ɓaci.

Amma tsayawar ba ta nufin an rufe ƙofa. Hukumar da aka kafa a 1865 domin kula da 'yantattun bayi, wadda ta yi aiki har 1872, ta bar rajistar aure da yarjejeniyar ƙwadago da koke-koken masu neman 'ya'yansu. Bankin ajiya da aka buɗe musu tsakanin 1865 da 1874 ya fi wannan daraja ga mai neman nasaba, domin wanda ya zo buɗe asusu akan tambaye shi inda aka haife shi da sunan uwa da uba da 'yan uwa, wani lokaci har da sunan tsohon ubangida. Haka kuma baƙaƙen fata kimanin 180,000 sun yi soja a ɓangaren Arewa a yaƙin basasar Amurka, kuma fayilolin fanshonsu cike suke da shaidar maƙwabta da suka rantse cewa sun san wane ya auri wance a gonar wane. Abin da ake farauta a duk waɗannan takardu abu ɗaya ne, wato sunan ubangida na ƙarshe. Kada surukinki ya ɗauka sunan gidansu na yanzu shi ne na wannan ubangida, domin da yawa sun zaɓi sunan wani tsohon ubangida na iyayensu, wasu kuma sun zaɓi sabo gaba ɗaya.

Idan an samu wannan suna, bincike yakan koma kan dukiyar gidan farar fata, tunda a idon doka ta wancan zamani bawa dukiya ne. Ana samun sunayensu a cikin wasiyya da lissafin kayan mamaci da takardun rabon gado da na jingina da na ciniki, waɗanda yawancinsu suna ajiye a kotunan gundumomi. Wata doka da aka kafa a yankin Birjiniya a 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa ne, kuma sauran yankuna suka bi sahu. Dalili ke nan da ya sa takardun sukan ambaci uwa da 'ya'yanta, amma da wuya su ambaci uba. Ga Bahaushe da ya saba jero nasaba ta wajen uba, wannan abu ne da ya kamata a fahimta tun farko: a nan layin uwa shi ne mai sauƙin bi. Wahalar wannan mataki tana da yawa, domin wasu kotunan sun ƙone a lokacin yaƙi, kuma kimanin mutum miliyan ɗaya aka sayar ko aka kwasa daga jihohi irin su Birjiniya zuwa gonakin auduga da rake na can kudu kafin 1860, ta yadda za a iya bin mutum har Misisipi sannan sawunsa ya ɓace.

Gwajin ƙwayoyin halitta ba ya jin tsoron gobara ko ciniki, kuma a nan fifikonsa yake. Nau'in da surukinki ya yi, wanda kamfanoni irin su AncestryDNA suke sayarwa, yana duba abin da mutum ya gada daga ɓangarorin biyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Kason da aka ba shi na Najeriya kiyasi ne da aka samu ta hanyar kwatanta jininsa da na mutanen da suke raye a yau, kuma yakan sauya idan kamfanin ya ƙara samfura. Najeriya kanta a 1914 aka haɗe ta, fiye da shekara ɗari bayan Amurka ta haramta shigo da bayi a 1808, saboda haka sunan ƙasar a takardar sakamako yana nuni ne da yanki kawai. Akwai wasu nau'o'i biyu da ke bin layi guda, ɗaya daga uba zuwa kaka namiji har baya, ɗayan kuma daga uwa zuwa uwarta, kuma su ne akan yi amfani da su a ba mutum takardar shaida cewa shi ɗan ƙabila kaza ne. Sai dai idan aka koma baya hawa goma, mutum yana da gurabun kakanni 1,024, kowane ɗaya daga gwaje-gwajen nan kuma mutum ɗaya tak yake bi a cikinsu. Ga shi kuma irin alamar da ake samu a jinin Bahaushe ana samunta a jinin Bafillace da Babarbare da Banufe, saboda auratayya da fatauci na ɗaruruwan shekaru. Ya kuma shirya wa wani labari mai ɗaci, domin a matsakaici kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin baƙaƙen fatar Amurka na Turawa ne, yawanci ta wajen maza, kuma an san yadda aka yi hakan a zamanin bauta.

Game da Hausawa, tarihi yana da abin cewa fiye da gwajin. Daga cikin bayin Afirka kimanin miliyan goma da dubu ɗari bakwai da suka sauka da rai a nahiyar Amurka, kusan 388,000 ne kawai aka kai ƙasar da ta zama Amurka kai tsaye, kuma mafi yawansu daga yankin Kwango da Angola da Senegambiya da gaɓar Biyafara suke. Birjiniya musamman ta karɓi Inyamurai da yawa. Hausawa sun fi shiga jiragen bayi ne a farkon ƙarni na 19, a lokacin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, lokacin da ƙofar Amurka take rufewa, shi ya sa akasarinsu suka sauka a Bahiya ta ƙasar Brazil, inda aka san su da shirya tawaye tun daga 1807. Wannan bai hana a samu Bahaushe a Amurka ba. A Luwiziyana, inda Faransawa da Sifaniyawa suka yi mulki, marubutan kotu sukan rubuta ƙabilar bawa a takardar ciniki, kuma a cikin bayanan mutum kimanin dubu ɗari da masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tattara akwai Hausawa, ko da yake ba su da yawa. Idan danginsa daga can suke, yana da damar da ɗan Birjiniya ba shi da ita. Haka nan jaridun ƙarni na 18 sukan buga cigiyar bawan da ya gudu suna bayyana tsagar fuskarsa, wadda wanzami na gida zai iya karantawa fiye da wanda ya rubuta ta.

Amfanin gwajin na haƙiƙa yana cikin jerin dangin da kamfanin yake nuna wa mutum, wato waɗanda suka yi gwaji aka ga sun haɗa jini da shi. Idan mutum uku ko huɗu daga cikinsu suka nuna asalinsu gunduma ɗaya ce, to an san kotun da za a bincika. Idan kuma aka ga farar fata a cikinsu, sunan gidansu yana iya zama sunan da ake nema tun farko. Shahararren misalin haɗa hanyoyin biyu shi ne na Sally Hemings, baiwar shugaban Amurka Thomas Jefferson. Gwajin da aka yi a 1998 ya nuna cewa wani namiji daga gidan Jefferson ne ya haifi ɗanta Eston, amma bai iya nuna wane ne ba. Rubuce-rubucen Jefferson na kansa ne suka nuna cewa yana gidansa na Monticello a duk lokutan da ta ɗauki ciki. Sai dai a tuna cewa wanda ya miƙa yawunsa ya miƙa sirrin danginsa duka, kuma an taɓa yi wa kamfanin gwaji na 23andMe kutse a 2023 aka kwashi bayanan miliyoyin mutane, don haka ya dace ya shawarci 'yan uwansa kafin ya buɗe sakamakonsa ga jama'a.

Shawarar da zan ba shi ta hannunki, Hajiya, ita ce ya je wurin tsohuwa mafi shekaru a danginsu tun tana da rai da lafiya, ya ɗauki muryarta tana faɗin sunaye da laƙabi da coci da maƙabartar da aka binne manyanta, sannan ya bi ƙidaya daga 1950 har 1880, wadda ita ce ta farko da ta faɗi dangantakar mutanen gida da kuma jihar da aka haifi iyayen kowa. Daga nan ya sauka 1870, ya duba maƙwabta fararen fata masu filaye a shafin da danginsa suke da kuma shafukan da ke kusa. Idan kuma yana da sauran kuɗin gwaji, ita tsohuwar ya kamata a yi wa, domin abin da ta gada daga kakannin zamanin bauta ya ninka wanda ya iso gare shi, kuma dangin da za su bayyana a jerinta sun fi kusa da shekarun da takardu suka yi shiru.