Kamfanin aika saƙo da nake hulɗa da shi a Bauchi: sauri wurin kai kaya, nawa wurin biyan diyya

Shekara biyu ke nan ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp daga shagona da ke Kasuwar Wunti, kuma kusan duk kayan da nake turawa wajen Bauchi ta hannun kamfani guda suke bi. Ba zan tauye musu haƙƙi ba: abin da na miƙa da hantsi yakan isa Abuja washegari, suna naɗe ƙunshi da salatif a gabana, sannan su ba ni rasit mai lambar bibiyar kaya.

Sai dai ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ana saura mako biyu Ƙaramar Salla na tura wa wata baiwar Allah a Fatakwal kayan naira 140,000, waɗanda ta riga ta biya ta banki. Lambar bibiya ta nuna ƙunshin ya isa Jos, daga nan kuma shiru. Da aka kwana goma matar ta ce mini, “Hajiya, ko kayana ko kuɗina,” kuma ban ga laifinta ba, domin ɗinkin sallar ’ya’yanta ne. Ta kai ƙorafi bankinta, aka riƙe kuɗin a asusuna a daidai lokacin da ciniki ya fi tafiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda manajan kamfanin ya juya bayan rasit ya nuna mini wani ƙanƙanin rubutu da Turanci, wanda ya ce ba sa biyan cikakkiyar diyya sai idan an rubuta darajar kayan kuma an biya inshora. Na ce masa, “Malam, a shekara biyu ko sau ɗaya yaranka ba su taɓa ambata mini wannan ba.” A gurbin bayanin kaya ma, kalma ɗaya tak magatakardan ya rubuta: tufafi. Amana ce aka karɓa, kuma sharaɗin da mai kaya bai san da shi ba bai kamata ya zama mafakar wanda ya ɓatar ba.

Hoton rasit, da bidiyon naɗe kayan, da hirarmu da matar su ne suka gamsar da banki cewa ba damfara na yi ba. Na mayar mata da kuɗinta. Kamfanin kuwa bai motsa ba sai da na rubuta musu cewa zan kai ƙara hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta ɗora wa kare haƙƙin masu saye da masu karɓar hidima. Bayan mako bakwai suka biya ni rabi.

Har yanzu ina ba su ƙananan saƙonnin Gombe da Jos. Kaya masu tsada kuwa ba na barin kantarsu sai na ga an rubuta adadin turame da kuɗinsu a rasit, na kuma biya inshorar.